Jarrabawar JAMB: Wata Rana Ta Fi Wata Wuya Ne?

Kowace shekara, da zarar an fara jarrabawar shiga jami'a, magana ɗaya ce takan cika gidaje daga Kakuri har Sabon Tasha. Yaron da ya rubuta tasa ran Alhamis ya komo gida fuska a murtuke, ya ce Lissafin da aka ba su ko malaminsu sai ya yi gumi. Ran Litinin 'yar maƙwabta ta dawo tana dariya, ta ce nata kamar shan ruwa. Kafin magariba iyaye mata sun gama yanke shari'a a bakin famfo, wai na farko ake matsa wa, na baya a sassauta musu. In ka gangara Narayi ko Barnawa kuwa, za ka iske waɗansu suna rantsuwa cewa akasin haka ne, wai ranakun ƙarshe ne ake fito da tambayoyi masu ƙaho.

Ba maganar raha ba ce. A shekarar 2025 kuɗin rajista kaɗai ya kai Naira 7,200, ko Naira 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji, ban da kuɗin lesin, da na littattafai, da na mota. Sau ɗaya ake yin jarrabawar a shekara. Wanda maki biyar ko goma suka hana shi gurbin da yake nema a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna, sai ya zauna gida wata goma sha biyu. A unguwannin da masaƙu suka rufe, iyaye da yawa kuwa ba su da albashin wata, shekara guda ta zaman gida ba ƙaramin nauyi ba ce. Saboda haka ya kamata mu duba tambayar nan da natsuwa.

Yadda aka zo ga ranaku da yawa

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta kafa Hukumar JAMB a shekarar 1978, Michael Angulu kuwa shi ne magatakardanta na fari. Kafin lokacin, kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, har yaro ɗaya yakan sami gurbi a wuri biyu ko uku, wani kuwa ya rasa gaba ɗaya. Shekaru 35 ana yin jarrabawar da fensir da takarda, rana ɗaya, ƙasa duka. Iyayen da suka rubuta ta a wancan zamani ba su san wannan gardama ba, gama abin da aka tambayi na Kaduna shi aka tambayi na Kalaba, a safiya guda.

A 2013 ne hukumar, a ƙarƙashin Farfesa Dibu Ojerinde, ta soma gwada jarrabawa a kwamfuta. Zuwa 2015 aka ajiye fensir ɗungum. Daga nan ne lissafi ya sake. Cibiyar jarrabawa takan ɗauki yara 250 a zama ɗaya. A 2025 cibiyoyin sun ɗan haura 800 a faɗin ƙasa, watau wajen yara dubu ɗari biyu ke nan suke iya zama a lokaci guda. Masu rubutawa kuwa sun kusa miliyan biyu. Mai karatu, ka raba da kanka, za ka ga ko da kowace kujera ta cika, sai an yi zama goma kafin a gama. Shi ya sa jarrabawar 2025 ta fara ran 24 ga Afrilu, ba ta ƙare ba sai 5 ga Mayu.

To, ba shi yiwuwa a ba na ran Litinin tambayoyin da aka ba na ran Alhamis. Da an yi haka, kafin yaro ya iso gida daga cibiya amsoshin sun riga shi zuwa ta wayar hannu. Don haka hukumar tana da rumbun tambayoyi, daga ciki ake ɗebo na kowane zama. Yaro yakan amsa tambaya 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sa'an nan 40 a kowane ɗaya daga darussa uku da ya zaɓa. Jimlar maki 400 ce. Ashe yaran ba ƙarya suke yi ba sa'ad da suka ce abin da aka ba wannan ba shi aka ba wancan ba.

Mudu biyu

Amma bambancin tambaya dabam, bambancin wuya dabam. Ko takardu biyu masu tambayoyi dabam dabam za su iya yin nauyi ɗaya daidai? Masanan awon jarrabawa a duniya sun yarda cewa ba za su iya ba. Kome ƙoƙarin masu tsarawa, wata takan ɗan fi wata. Abin da ake yi shi ne a gyara bambancin wajen ba da maki.

Duk macen da ta taɓa awon masara a kasuwar Sabon Tasha ta san mudun wannan ba lalle ya zama mudun wancan ba. Wani an bubbuga gindinsa, wani bakinsa ya buɗe. Mai hankali ba ta tsaya kan ƙirga mudu ba, takan so ta san nawa hatsin zai yi in an ɗora shi a sikeli. Haka ma jarrabawa. Yawan tambayoyin da yaro ya ci shi ne mudu. Makin da za a rubuta masa a takarda shi ne ya kamata ya zama sikeli.

Ga yadda ake yi a inda aka ƙware. Kafin a sa tambaya cikin jarrabawa ta ainihi, sai a gwada ta a kan ɗalibai masu yawa, a ga kashi nawa suka ci, a kuma ga ko masu ƙoƙari ne suka ci ko kuwa cinta aka yi. Ta haka kowace tambaya takan sami nauyinta a rubuce. In an haɗa takarda, an riga an san nauyinta duka. Mu ce, alal misali, takardar Alhamis ta fi ta Litinin nauyi kaɗan. Sai a tsara cewa wanda ya ci 26 cikin 40 ran Alhamis makinsa ɗaya da wanda ya ci 29 ran Litinin. Na Alhamis ya fito yana kuka, ta Litinin ta fito tana dariya, sakamako ya zo kunnen doki. Farfesa Ojerinde kansa malamin wannan fanni ne na awon jarrabawa, ya kuwa yi rubuce-rubuce a kansa.

A Amurka akwai jarrabawar shiga jami'a da ake kira SAT, wadda ake yi sau da dama a shekara, makinta daga 400 zuwa 1600. Da wannan hanya ake daidaita ta. A watan Yuni na 2018 Lissafinta ya zo da sauƙi fiye da yadda aka saba. Yara suka fito suna murna. Da sakamako ya fito sai murna ta koma ciki, gama kuskure kaɗan ya zubar da maki mai yawa. Dubbai suka sa hannu a takardar koke. Hukumar College Board mai shirya jarrabawar ta amsa cewa ba a zalunci kowa ba, takarda mai sauƙi dole kowane kuskure a cikinta ya yi tsada. Wannan abin lura ne ga 'ya'yanmu masu addu'ar Allah ya ba su rana mai sauƙi. Inda ake daidaita maki, sauƙin takarda ba riba ba ne.

Indiya ta bi wata hanya. Tun 2019 ana yin jarrabawarsu ta shiga makarantun injiniya, JEE Main, a kwamfuta, zama bayan zama cikin kwanaki, kamar tamu. Su ba sa kwatanta yawan abin da yaro ya ci da na wata rana. Sukan duba matsayinsa cikin waɗanda suka zauna tare da shi, watau kashi nawa cikin ɗari ya wuce. Na ɗaya a zama mai wuya da na ɗaya a zama mai sauƙi duk matsayinsu guda. Sai dai hanyar tana da sharaɗi. Dole a gauraya yara sosai wajen raba su, domin in haziƙai suka taru a zama ɗaya, mai matsakaicin ƙoƙari da ya faɗa cikinsu ya shiga uku ba laifinsa.

Shaidar yaro

Yanzu mu komo gida. Yaron da ya ce ranarsu ta fi wuya, rana nawa ya rubuta? Ɗaya. Bai ga takardar Litinin ba, 'yar maƙwabta kuma ba ta ga tasa ba. Mai yiwuwa ma darussansu ba ɗaya ba ne. Abin da kowannensu yake faɗi shi ne yadda takardar ta zo masa, wannan kuwa ya dogara ga abin da ya karanta.

Manhajar Bayoloji ko ta Kemistiri tana da faɗi, tambaya 40 ba za su taɓa kowane lungu nata ba. A ɗauka yarinya ta san abu bakwai cikin kowane goma na manhajar. Bisa lissafi za a sa ran ta ci wajen 28. Amma in an ɗebo tambayoyi yau, mai yiwuwa ta ci 31, domin an faɗo inda ta fi ƙarfi. In an sake ɗebowa gobe ta ci 25. Ita ce dai, kanta bai sake ba. In an raba maki 100 daidai a kan tambaya 40, kowace tambaya maki biyu da rabi ke nan, tazarar tambaya shida kuwa ta zama maki 15 a darasi ɗaya tak. Wannan sa'a gaskiya ce, tana kuwa da ciwo. Amma ba ta bin ranar mako. Takardar da ta zo wa wannan yarinya a karkace, ita ce ta zo wa na kusa da ita daidai wa daida. Maganinta guda ne, a rage lungunan da ba a karanta ba. Wanda ya bi manhaja daga farko har ƙarshe, ɗiban tambaya bai cika girgiza shi ba. Wanda ya haddace tsofaffin tambayoyin shekara biyar kaɗai, shi ne kullum ranarsa take fin ta kowa wuya.

Akwai kuma halin ɗan Adam. Tambaya uku da suka gagare ka su za ka tuna a hanyar gida, talatin da ka amsa ba wahala sun bi iska. Wanda bai shirya ba kuma yana bukatar abin da zai faɗa wa mahaifinsa tun kafin sakamako ya fito. Ba na ce duk mai kuka malalaci ne ba. Na ce dai kukan yaro ɗaya, ko na yara goma a layi ɗaya, bai isa a auna rana da shi ba.

Game da cewa na baya suna cin moriyar jin tambayoyi daga na farko, akwai ɗan abin dubawa. Sukan ji irin salon tambayoyin, sukan kuma sami ƙarin kwana uku ko huɗu na bita. Amma kwana huɗu ba sa gyara abin da aka yi sakaci da shi shekara uku. Yawancin abin da ake yaɗawa a waya da sunan tambayoyin gobe kuwa tarkon 'yan damfara ne. Ko ma mene ne, ɗalibi ba shi ke zaɓen ranarsa ba. Hukuma ce take rubuta masa rana da lokaci da cibiya a takardar da zai buga.

Abin da ya faru a 2025

Duk da haka, kada wani ya ce wa iyaye hukuma ba ta kuskure. Ran 9 ga Mayu 2025 aka saki sakamako. Cikin yara kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da hamsin, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Kuka ya tashi, musamman daga Legas da jihohin kudu maso gabas. Makarantu suka ce ga ɗalibansu da suka saba zuwa na ɗaya, waɗansu ma sun ci maki mai yawa a shekarar da ta wuce, an ba su abin da hankali ba zai ɗauka ba. Da fari an ɗauka kukan da aka saba ne. Amma aka gayyato masana suka binciki na'urorin.

Ran 14 ga Mayu, a hedkwatar hukumar da ke Bwari kusa da Abuja, Farfesa Is-haq Oloyede, wanda ya karɓi shugabancinta a 2016, ya tsaya gaban 'yan jarida da hawaye, ya ce an yi kuskure, ya kuma ɗauki alhakin. Abin ya shafi yara 379,997 a cibiyoyi 157: cibiya 65 a Legas, 92 a jihohi biyar na kudu maso gabas. A shekarar an yi wani gyara a tsarin kwamfutocin da ya shafi jujjuya amsoshi da yadda ake duba su. Manyan na'urorin da hukumar take kira rukunin Kaduna sun sami gyaran yadda ya kamata. Waɗansu a rukunin Legas ba su samu ba, sai makin yaran ya fito ba daidai ba. Aka sake musu jarrabawa daga ran 16 ga Mayu.

Abu biyu ne a nan ga mutanen Kaduna. Na ɗaya, 'ya'yanmu ba su cikin waɗanda kuskuren ya shafa, makin da suka samu shi ya tsaya. Ko bayan da aka sake wa waɗancan, wajen kashi 70 cikin ɗari na dukan masu jarrabawar ba su kai 200 ba. A 2024 ma, da ba a yi wannan kuskure ba, kashi 76 ne. Ashe babbar matsalar tana cikin aji, tun kafin a kai ga kwamfuta.

Na biyu, abin da ya cuci yaran nan ba wuyar tambayar wata rana ba ce, na'ura ce da mutumin da ke kula da ita. An kuwa gane shi ne domin an ajiye ji-ta-ji-ta, an kwatanta alƙaluma, wannan cibiya da waccan, bana da bara. Ga ra'ayina, hanyar da za a kashe gardamar ranaku ke nan. Takardar sakamako da yaro yake bugawa tana nuna makinsa a darussa huɗu da jimla, ba ta nuna yadda sauran 'yan zamansa suka yi ba. Hukumar tana da alƙaluman kowane zama a hannunta. In ta riƙa bugawa kowace shekara, ga matsakaicin makin Lissafi a zaman farko, ga na zaman ƙarshe, ga kuma yadda aka daidaita su, da uwa a Unguwan Romi ba ta bukaci bakin famfo ba kafin ta san gaskiya. Ƙungiyoyin iyaye da malamai da shugabannin makarantu suna da bakin da za su nemi wannan.

Me zai hana a koma rana ɗaya?

Dattawa da yawa haka suke tambaya. Ƙasar Sin tana yin wani abu mai kama da haka. A 2025 yara fiye da miliyan 13 suka fara tasu jarrabawar ran 7 ga Yuni, a takarda. Amma mu tuna abin da takarda ɗaya ta sha jawo mana. In ta fita kafin lokaci, ta lalace wa kowa. Waɗanda suka yi sakandare a 1977 ba su manta da shekarar da takardun WAEC suka zuba a kasuwa ba, har aka sa mata suna Expo 77, gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Ba ma sai an je nesa ba. A ƙarshen Mayu 2025 aka jinkirta takardar Turanci ta WAEC saboda gudun satar amsa, yara a jihohi da dama suka rubuta ta da dare, da tocila da hasken waya. Kowace hanya da irin tata wahala.

Bambancin da ido yake gani

In akwai abin da yake bambanta zama da zama a garin nan, to, a waje da allon kwamfuta yake. A 2025 an bukaci 'yan zaman farko su isa cibiya da ƙarfe 6:30 na safe domin tantancewa, a fara jarrabawa ƙarfe 8. Yaron Gonin Gora ko Mararraban Rido da aka tura cibiya a hayin kogi, wajen Kawo ko Mando, tun duhu zai fito neman mota, sau da yawa cikinsa ba kome. Na zaman rana kuwa ga cunkoson gada, ga zafin Afrilu, ga jiran na gabansa su fito. Wani na'ura ta ƙi karɓar yatsansa. Wani kwamfutarsa ta tsaya ana tsakiyar aiki. Wani kuma ranar ce ya fara zama gaban kwamfuta a rayuwarsa, alhali tambaya 180 cikin minti 120 daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Minti goma na ruɗewa tambaya 15 ne suka tafi.

Waɗannan iyaye suna da abin yi a kansu. A buga takardar shiga jarrabawa da wuri, a je a ga cibiyar da ido kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a san motar da za a shiga da kuɗinta. In wurin ya yi nisa kuma zaman safe ne, gara yaro ya kwana gidan dangi ko aminai a can hayin, da a sa 'yar shekara 16 a hanya da asuba ita kaɗai. Jarrabawar gwaji da hukumar ta fara a 2017, ko da ta ƙara kuɗi, ta fi amfani ga wanda bai saba da kwamfuta ba fiye da wani sabon littafi. Zai koyi cewa da maɓallai kaɗan ake amsawa, a ci gaba, a koma baya, a miƙa aiki, ya kuma ji yadda awa biyu take gudu.

In kuwa na'ura ta tsaya, ko wuta ta ɗauke, ko yatsa ya ƙi shiga, kada yaro ya yi shiru ya taho gida da kuka. Ya ɗaga hannu nan take, ya gaya wa mai lura da ɗakin, ya tabbata an rubuta lambar rajistarsa da abin da ya faru. Da ya fito ya rubuta lokaci da sunan cibiya da lambar kujerarsa, sa'an nan a shigar da koke ta shafin hukumar a intanet, ba ta hannun wani mai cewa ya san wani a ofis ba. Hukumar takan sake sa wa waɗanda matsalar cibiya ta hana su rubutawa wata rana. A ƙarshen Yuni 2025 ma an yi zama na musamman domin waɗanda suka rasa jarrabawar.

Bayan sakamako ya fito, a dube shi da idon basira kafin a ɗora wa rana laifi. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi domin shiga jami'a 150 ne, kwalejin koyon aikin jinya 140, kwalejin fasaha da ta horon malamai 100. Wannan ƙofar waje ce kawai, kowace makaranta tana da nata ma'auni, kwas kamar likitanci ko lauya kuwa yana neman abin da ya fi haka nesa. Jami'o'i kuma sukan yi tasu tantancewa, su duba sakamakon WAEC ko NECO. Yaron da makinsa bai kai na kwas ɗin da ya nema ba yana da damar sauya kwas ko makaranta a shafin hukumar kafin a rufe. Kwalejin Fasaha ta Kaduna tana da reshe a nan Barnawa, inda ake koyon zanen gine-gine da safiyo da tsara birane, kuɗin Keke ɗaya daga gidaje da yawa na kudancin kogi.